Wa Ya Turo Ki?

Tun makon da Adawiyya Ɗayyabu ta fara sa baƙi da fari, kayan ɗaliban shari'a, mutanen Aujara suka gama naɗa ta Barista. Ba su jira shekara biyar ta jami'a ba, balle ta makarantar horar da lauyoyi da ke biye. In ta zo gida daga Dutse ranar Asabar, sai ka ga tsohuwa ta dogaro sanda ta kawo ƙarar akuyar maƙwabta, alhali Baristar tana aji ɗaya, ko ƙofar kotu ba ta taɓa takawa ba.

Wani malaminsu ne, mai ƙaramin jiki da babbar murya, ya hana ta sukuni. Ana saura wata guda a tafi dogon hutu ya tsaya gaban aji ya ce, "Wanda ya bari sai ya sa hular lauyoyi sannan ya fara neman aiki, zai tarar an sauke tukunya har an kankare ƙanzo. Da sanyin safiya ake kama fara. Hutun nan kowa ya nemi ofishin lauya ya raɓa, ko ɗaukar fayil ne ya koya. Wanda ya san fuskarka yau shi zai ɗauke ka gobe."

Kafin malamin ya kai bakin ƙofa rabin ajin sun zaro waya. Wannan na kiran Abba, wancan na kiran Kawu da ke ma'aikata. Adawiyya ma mahaifinta na da waya, sai dai mafi girman mutumin da ke cikinta shi ne mai sayar musu da taki.

Littafin rubutu ta saya, mai bango ja. Kwana biyu tana taka titunan Dutse da ƙafa, tana ɗaga kai tana karanta allunan da ke jikin benaye, har ta haɗa ofisoshin lauyoyi goma sha ɗaya. Kowanne ta ba shi layinsa: suna, unguwa, ranar da za ta je, da fili a gefe don abin da za a ce mata. Ta rubuta takardar neman gurbi, ta kai shagon kwamfuta aka buga mata, ta goge farar rigarta har sai da ta yi ƙyalli.

Abin da ba ta sa a lissafinta ba shi ne kati. Wanda bai taɓa neman aiki a gari ba bari a gaya masa: ɗan ƙaramin kwali ne da manyan mutane ke bugawa da sunansu da muƙaminsu. Babba ya juya bayansa, ya ja layi biyu, ya sa hannu, shi ke nan ƙofar da ta ƙi buɗuwa da sallama sai ta buɗe da kanta. A ofis na farko sakatare ko kallon takardarta bai yi ba.

"Wa ya turo ki?"

"Ni na turo kaina," in ji Adawiyya.

Ya yi dariya har da dafa tebur. A ofis na biyu ma haka aka tambaye ta, haka ta amsa. A na biyar aka ce oga ya yi tafiya, alhali tana jin tarinsa daga ciki. A na takwas aka karɓi takardar da fara'a, tana juyawa ta ga an ɗora kofin shayi a kan takardar. Duk inda ta fito sai ta samu inuwa ta buɗe jan littafin ta rubuta abin da aka ce mata, kalma da kalma. Ranta na ɓaci, ƙwarai kuwa, amma irin ɓacin ran da ke ƙara wa mutum taurin wuya ne.

Safina, ƙawarta ta ɗaki ɗaya, wadda mahaifinta ya gama mata komai da kira guda, ta ga abin ya yi yawa. "Ke dai ki bari in yi wa Abbanmu magana mana. Kati ɗaya ne fa."

"In na shiga da katin Abbanku, ranar da na yi abin kirki za a ce Abbanku ne, ranar da na yi shirme a ce ƙauyanci ne. Na gode, Safina. Bar ni da ƙafata."

"To saura wa a littafin naki?"

"Barista Fanna Mala."

Safina ta riƙe baki. Duk ɗalibin shari'a ya san labarin matar nan 'yar gabas, ta wajen Haɗeja. Ɗalibi ɗaya tak take ɗauka a hutu, kuma duk wanda ya zo mata da katin wani, ko ɗan wane ne, ƙofar da ya shigo ita za ta nuna masa. "Tafi," in ji Safina, "kun dace. Ƙarfe ne zai haɗu da ƙarfe."

Ranar Asabar Adawiyya ta je gida. Damina ta zauna, gero ya kai gwiwa, ciyawa na tsere da shi, kowane magidanci na gona tun asuba. Bayan la'asar, a ƙofar gida, ta yi kuskuren ba da labarin ofisoshi goma a gaban Baffa Yahuza, har da sunan wadda ta rage.

Baffa Yahuza ƙanin mahaifinta ne, kuma shi ne bakin gidan. Shi ke zuwa neman aure, shi ke zuwa biko, shi ya yi ta zarya har aka gyara musu famfon unguwa. Mahaifinta mutum ne mai shiru, in magana ta taso sai ya ce, "A kira Yahuza."

"Wato ke da kanki kike shiga kina roƙo?" in ji Baffa, ya ajiye fartanyar da yake gyarawa. "Subhanallahi! Ba ki da iyaye ne? A gidan nan yaro ba ya nema wa kansa. Mata ma babba ke nema wa yaro, balle aiki. Ai dole su kore ki, sun ga kamar daga sama kika faɗo."

"Baffa, wannan matar ba ta son a zo mata ta hannun kowa. Don Allah, don Annabi, kada ka je wa kowa a kaina."

"To," in ji Baffa.

Duk wanda ya tashi a gidan manya ya san irin wannan "to". Ba yarda ba ce, rufe bakin yaro ne kawai. Adawiyya ma ta sani, amma ta ga ciyawar da ke gonarsa ta ce a ranta ba inda za shi.

Ranar Litinin ta hau benen da ofishin Barista Fanna yake, a saman wani shagon sayar da littattafai. Mace ce doguwa, baƙa, mai furfura a gefen ɗankwali, tabarau a ƙarshen hanci. Ta karanta takardar tun daga sama har ƙasa, abin da babu wanda ya yi a ofisoshi goma.

"Wa ya turo ki?"

"Ni na turo kaina, ranki ya daɗe."

Barista ba ta yi dariya ba. Ta dube ta ta saman tabarau. "Za mu gani. Gobe ina da shari'ar gona. Ki zauna a baya, ki rufe baki, ki buɗe ido. Ranar Alhamis ƙarfe goma ki kawo min shafi ɗaya a kan abin da kika gani. Ba abin da aka koya miki a aji ba, abin da kika gani. In ya wuce shafi ɗaya kada ki wahalar da kanki da hawa benen nan."

Washegari ta zauna a bencin ƙarshe na kotun. Wanda Barista ke karewa wani tsoho ne daga wajen Buji, an ci masa iyakar gona. Lauyan ɗaya ɓangaren, matashi mai santsin baki, ya miƙa wa tsohon taswirar filin ya ce ya nuna iyakarsa a jiki. Tsoho ya karɓa da hannu biyu, ya riƙe ta kai a ƙasa. Lauya ya juya ya dubi jama'a, aka kwashe da dariya.

Sai Barista Fanna ta miƙe. Ba ta ɗaga murya ba. "Ya mai shari'a, mutumin nan shekara hamsin yana noma gonar da hannunsa. Takarda ce bai sani ba, ba gonar ba. A tambaye shi abin da ya sani, a daina mai da shi abin dariya."

Da aka ba tsohon dama sai ya zano iyakar da baki: daga kuka mai kogo, a bi layin gamba, a tsaya a tsohuwar rijiya. Adawiyya ta ji ƙwalla ta cika mata ido, don muryar tsohon muryar gidansu ce. Sau huɗu ta rubuta shafin nan tana yagewa kafin na biyar ya tsaya.

Ranar Alhamis, goma saura kwata, tana tsakiyar matakala ta ji kukan zabi.

Ta tsaya cak. Babu abin da zai kawo zabo saman bene a tsakiyar Dutse sai abu ɗaya. Ta ƙarasa hawa. Ga Baffa Yahuza zaune a gaban teburin Barista, ya sha babbar rigarsa ta Sallah, taɓo ya bushe a takalmansa. A gefen ƙafarsa zabi biyu ɗaure da igiya, da ɗan kwandon dabino an rufe da faifai. A kan teburin kuma, a tsakiya, ga wani koren kati.

"Yauwa, ga 'yar tamu nan," in ji Baffa, fuskarsa cike da murna. "Hajiya, ita ce. Amana ce muka kawo miki. Ga kuma saƙon Alhaji Uwaisu, tsohon ɗan majalisarmu, da hannunsa ya ba ni."

Barista Fanna ba ta dubi Adawiyya ba. Ta jawo durowa, ta ciro ta gaba ɗaya, ta kife a kan tebur. Katuna suka zube, fari, shuɗi, mai ruwan zinare. Ta sa yatsa tana tsince koraye tana jerawa kusa da na Baffa, har suka kai goma sha bakwai.

"Malam, ka san abin da aka rubuta a bayan naka?"

Baffa ya ɗauki katin ya juya shi. Allo ya yi, bai yi boko ba.

"Bari in karanta maka. An ce a taimaka wa mai ɗauke da wannan. Babu sunanka, babu sunan 'yarka. Duba waɗannan, duk abu ɗaya ne. Alhajin naka dami guda yake sa wa hannu ya ajiye, direbansa ma yana da su a aljihu. Wannan ne ka ɗauko zabi ka rako?"

Sakataren da ke bakin ƙofa ya saki wata 'yar dariya ta hanci.

Baffa ya daɗe yana kallon korayen katunan. Da ya yi magana, muryarsa ta yi ƙasa, kamar da kansa yake. "Kwana uku na yi a ƙofarsa."

Litinin, Talata, Laraba. A tsakiyar noma. Adawiyya ta hango gonar Baffa, ta hango ciyawar da ta bari a ranar Asabar, ta hango shi zaune a benci cikin 'yan maula yana miƙewa duk lokacin da aka buɗe ƙofar gidan. Tun daga matakala take haɗa masa kalaman da za ta gaya masa, masu zafi, yanzu ta neme su ta rasa.

"Ke kuma mai turo kanta," in ji Barista, sai yanzu ta dube ta, "na ɗauka na samu ɗaya da ba ta ƙarya. Kwashe kayanku. Ga ƙofa."

Shi ke nan, layi na goma sha ɗaya ya cika. Abin da ya rage wa yarinya mai tarbiyya shi ne ta sunkuyar da kai ta ce a yi haƙuri, ko ta yi kuka, ko ta nuna dattijon ta ce laifinsa ne. Adawiyya ba ta yi ko ɗaya ba. Ta matso gaban teburin ta tsaya.

"Zan fita, ranki ya daɗe. Amma abu na farko da aka koya mana shi ne ba a yanke hukunci sai an ji ta bakin kowa. Ba ki ji tawa ba." Ta juya ta ɗan rusuna. "Baffa, ka gafarce ni, zan tambaye ka. Ranar Asabar me na roƙe ka?"

"Kin ce kada in je wa kowa."

"Na san za ka zo nan?"

"Ba ki sani ba. Ko mahaifinki sai da na kama hanya na gaya masa."

"Wannan ke nan," in ji Adawiyya. "Ban yi miki ƙarya ba. Na biyu ya fi min zafi. Shekaranjiya a kotu an miƙa wa tsoho takardar da bai iya karantawa ba don a yi masa dariya, kika miƙe. A kan haka na rubuta shafin nan. A layin ƙarshe na ce irin lauyar da nake so in zama ke nan. Yanzu ina roƙon ki ara min biro in soke layin."

Sakatare ya daina murmushi.

"Baffana bai san kati ba, amma ya san ciyawa na cin geronsa kwana uku, kuma ya zauna. A wurinmu babba ke nema wa yaro, kuma ba a shiga wurin mai daraja hannu rabbana. Ba sayen ki ya zo yi da zabi biyu ba, girmama ki ya yi da abin da ya sani. Kina da iko ki ce ba kya so. Ba ki da ikon tozarta shi. Ofis goma sun kore ni ban mutu ba, ki riƙe gurbinki. Tashi mu tafi, Baffa."

Ta ajiye shafin a kan tarin katunan, ta sunkuya ta ɗauki zabin nan, tana sanye da farar rigarta da ta sha guga, suka yi ta fuka-fuki suna yayyafa mata gashi. A ranta kuwa kuka take, don ta so wurin nan fiye da yadda ta taɓa son wani abu.

Har sun kai ƙofa.

"Tsaya."

Barista Fanna ta ɗauki shafin. Ta gyara tabarau ta karanta, ba gaggawa, zabi na ta kuka a hannun Adawiyya. Ta ɗauki jan biro ta yi zagaye a wuri biyu. Da ta kai layin ƙarshe biron ya tsaya a sama, ya daɗe, sannan ta ajiye shi. Ta miƙe ta zagayo teburin har gaban Baffa.

"Malam Yahuza, na yi maka ba daidai ba. Haushin wasu ne na sauke a kanka. Ka yafe ni."

Baffa ya rikice, don a shekarunsa na zarya ƙofofin manya babu wanda ya taɓa ce masa haka. "Haba, Hajiya, ba komai, wallahi ba komai."

"Zabin ka mayar gida, ba na karɓa, ko daga wa." Ta ɗaga faifan ta ɗauki dabino ɗaya. "Wannan na karɓa, don kada a ce ka zo ka koma da kayanka duka."

Sannan ta juyo ga Adawiyya, fuskar nan ta koma yadda take. "Kin rubuta sunan kotun ba daidai ba, kuma kin kira mai ƙara wanda ake ƙara. Litinin, bakwai da rabi. Fayil za ki ɗauka, wata guda ba za ki buɗe baki ba. Bakin nan naki akwai aiki a cikinsa, amma a kotu sai an ba ki izini."

"To, ranki ya daɗe," in ji Adawiyya. Wannan "to" ɗin ta gaskiya ce.

Koren katin na hannun Baffa har yanzu. Ya dube shi sau ɗaya, ya taka zuwa teburin ya ɗora shi kan sauran goma sha bakwai. "A haɗa shi da 'yan'uwansa," in ji shi.

Ta raka shi tasha a ƙafa, ita da zabi, shi da kwando. Suka isa inda motar Aujara ke lodi. Tana so ta ba shi haƙurin tambayoyin da ta jera masa a gaban baƙuwa, ta kasa samun bakin zaren.

"Baffa, ranar Asabar zan zo da fartanya."

"Ke da fartanya? Barista guda?" Ya yi ɗan murmushi, bai dube ta ba. "Ki zo. Ciyawar ta ishe mu mu biyu."

Ya sa ƙafa ɗaya a mota ke nan wayarsa ta yi ƙara. Mahaifinta ne. Wayar Baffa irin wadda duk tasha ke jin mai magana ce.

"Yahuza, yaya ake ciki?"

"An samu, Yaya. Ranar Litinin za ta fara."

"Alhamdulillahi! Katin Alhaji ya yi aiki ke nan."

"Bai yi ba."

"To wa ya tsaya mata?"

Baffa Yahuza ya juyo ya dubi 'yar wansa, tsaye a rana da gashin zabi a kafaɗa da jan littafi a hammata. Ya share ido da hannun babbar riga.

"Ba kowa, Yaya. Ita ta tura kanta. Ni ma da na je tsaya mata, ita ce ta tsaya min."